Likita Na Amsa Muku: Bubbuga Jiki Da Yatsu Don Rage Fargaba

Wani ɗalibi daga Garwa: Likita, na ga bidiyo a Facebook ana bubbuga fuska da yatsu, wai yana maganin fargaba. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, ɗana. Ana kiran dabarar EFT, wani Ba'amurke mai suna Gary Craig ne ya yaɗa ta a shekarun 1990. Da yatsu biyu ake bubbuga gefen tafin hannu, sai farkon gira, gefen ido, ƙasan ido, ƙasan hanci, haɓa da ƙasan ƙashin wuya, kamar sau bakwai-bakwai, kana ambaton abin da ke damunka. Mutane da dama na jin sauƙi. Zancen wai bugun yana buɗe wasu ɓoyayyun hanyoyi a jiki kuwa, ba a tabbatar da shi ba. A ganina tsayawar da ka yi, da sassauta numfashi, da faɗin tsoron da bakinka su ne ke aikin. Gwada kafin jarrabawa. In fargabar ta hana ka barci har makonni, je asibiti.

Mai juna biyu daga Ngaundere: Ni ma zan iya yi?

Yi abinki, ba ruwansa da cikin. Amma in faɗuwar gaban ta zo da ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, a auna miki hawan jini yau, ba gobe ba.

Wata uwa daga Mora: Tun da aka kai wa ƙauyenmu hari a yankin Kolofata, ɗana mai shekara 12 ke farkawa cikin dare yana ihu. Ya koma fitsarin kwance, ƙarar babur ma firgita shi take yi. Kakarsa ta ce iska ce, an kai shi wurin mai magani, ana yi masa hayaƙin barkono da bulala. Bubbugawar nan za ta warkar da shi?

Baiwar Allah, kafin komai a daina hayaƙin nan da dukan, daga yau. Yaron da ya ga abin da manya ma ba sa iya jurewa, shi za a rufe da zane a tura masa barkono, a bi shi da bulala? Hayaƙin na iya shaƙe shi, dukan kuma tsoro yake ƙara masa a kan tsoro. Wannan abu na ci mini rai matuƙa.

Abin da kika lissafa sanannen ciwo ne a wurin likitoci, kuma tun da hare-haren Boko Haram suka tsananta a yankin nan a 2014 yara da manya ke fama da shi. Ƙwaƙwalwarsa ba ta yarda cewa haɗarin ya wuce ba. Shi ya sa ƙarar babur ke mayar da shi lokacin harin, jikinsa ya ɗau rawa kamar yanzu abin ke faruwa. Fitsarin ma ba da gangan yake yi ba, kada a bar yara su yi masa waƙa. Ki zauna da kakar ki yi mata bayani cikin ladabi, ita ma son sa take yi. Addu'a da tofi a ci gaba, ba su hana zuwa asibiti.

Ga abin da za ki yi masa in ya farka. Kada ki girgiza shi. Ki haska tocila, ki kira sunansa, ki ce: "Kana Mora, ga ni nan, ba kowa." Sai ya harɗe hannuwansa a ƙirji, dama a kafaɗar hagu, hagu a ta dama, ya riƙa bubbugawa ɗaya bayan ɗaya a hankali, kina yi tare da shi har numfashinsa ya daidaita. Wannan salon a ƙasar Meziko aka fara amfani da shi, ga waɗanda wata guguwa ta ɗaiɗaita a 1997. In ya ce ba ya so, ƙyale shi. Kada kuma ki tilasta masa ba da labarin harin yana bugun, yin haka aikin wanda ya ƙware ne.

Bubbugawa tana kwantar da firgitar wannan daren, ba ta cire tushen ciwon. Ki kai shi asibiti ki ce kina neman mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai magani ta hanyar tattaunawa da ke yi wa yara aiki sosai. In ya daina cin abinci, ko ya yi zancen mutuwa, kada ki kwana da shi a gida. Ke ma kin ga abin da ya gani, ki faɗa musu halin da kike ciki.

Ɗan acaba daga Kusiri: Tun da na yi hatsari nake shan tramol da diazepam don gabana ya daina faɗuwa. In koma bubbugawa in bar su?

Malam, ƙwayar bakin tasha za ta kashe ka kafin fargaba. Tramol na sa jijjiga kamar ta farfaɗiya, haɗa shi da diazepam kuma na iya tsayar da numfashi, ga ka da fasinja a baya! Sai dai kada ka yanke su rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Je asibiti a rage maka sannu a hankali, ka tafi da kwalin ƙwayoyin, ka faɗi gaskiyar yawan da kake sha. Bubbugawar ka haɗa da ita, amma asibitin ne farko.