Zan iya jona wa ƙofar sito wutar lantarki saboda ɓarayi?

Tambaya: Ɓarayi sun sha fasa mini sito da dare. Ina so in jona wa ƙofar wayar lantarki, in kuma ce wa maigadi duk wanda ya kama ya lakaɗa masa duka. Kayana ne, gumina ne. Doka za ta kama ni?

Amsa: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Amma e, za ta kama ka, kuma hasarar na iya fin ta satar.

Dokokin ƙasashe sun bambanta, sai dai mafi yawansu sun haɗu a kan abu ɗaya: rai ya fi dukiya, ko da ran ɓarawo ne. Kana da damar yin amfani da ƙarfi daidai gwargwado don hana a tafi da kayanka. Ka tare hanya, ka ƙwace kayan, ka riƙe mutumin har 'yan sanda su iso. Ƙarfin da zai iya kisa ko nakasa kuwa, sai idan rayuwarka ko ta wani ce ke cikin haɗari. Da zarar ɓarawo ya gudu ko ya shiga hannu, damar ta ƙare. Dukan da ya biyo baya ramuwa ce, kuma kotu laifi take ɗaukarsa. A Ingila, manomi Tony Martin ya harbe wani matashi ɗan shekara 16 da ya shiga gidansa sata a 1999, ya kuma tafi gidan yari, duk da cewa a gidansa abin ya faru. Jihar Texas a Amurka ta sassauta wa mai kaya wajen amfani da ƙarfin da zai iya kisa kan satar dare da wasu sharuɗɗa, amma kada ka ɗauki dokarta ma'auni.

Maganar waya ta fi damuna. Waya ba ta da ido, ba ta san ɓarawo ba, ba ta san yaron shagonka da ya dawo ɗaukar mantuwa ba, balle ɗan kwana-kwana da ya zo kashe gobara. A jihar Iowa ta Amurka, wani mai suna Edward Briney ya ɗana bindiga a wani gidan gona da ba kowa a ciki, ta tarwatsa ƙafar wani da ya shiga sata. Ɓarawon ya kai ƙara, aka yanke a biya shi diyyar dala 30,000, kotun ƙolin jihar ta tabbatar a 1971. Sai da aka sayar da wani ɓangare na gonar kafin a biya. Kuma abin da aka je sata tsofaffin kwalabe ne.

Batun maigadi, idan kai ka ba shi umarnin duka, da kai za a tuhuma, diyya ma a kanka za ta faɗa.

Kuɗin da za ka kashe a shari'a, gara ka zuba shi a ƙofar ƙarfe, fitilu, kyamarar tsaro da ƙararrawa. Ka daina barin cinikin yini yana kwana a shago. Ka yi wa kayan inshora, ka riƙa ajiye rasit da lissafin abin da ke sito, domin kamfanin inshora zai nemi shaida da rahoton 'yan sanda kafin ya biya. Sannan ka sa lauya ya rubuta wa maigadin iyakar aikinsa bisa dokar inda kake, ku biyu ku sa hannu.