Tambaya da Amsa: Me ya hana a samar da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in C?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An gwada jinin yayana aka same shi da ciwon hanta nau'in C. Mun je asibiti don a yi wa sauran mutanen gida allurar rigakafi, sai aka ce mana ta nau'in B kaɗai ake da ita. Shin gaskiya ne, kuma me masana suke jira? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumussalam. Malama, Allah ya ba yayanki lafiya. Abin da aka faɗa muku gaskiya ne, domin har yanzu babu allurar rigakafin nau'in C da aka amince da ita a ko'ina a duniya, alhali ta nau'in B ta fito tun 1981, ta nau'in A ma ta daɗe a hannu, ƙasar Sin kuma ta amince da ta nau'in E a 2011.

Masana ba zaune suke ba, ƙwayar cutar ce ta gagare su. Tun da masanin ƙwayoyin cuta Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ta a 1989 aka lura cewa duk lokacin da take hayayyafa a cikin hanta sai ta ɗan sauya kama, ta yadda a jikin mutum guda za a tarar da iri daban-daban masu ɗimbin yawa. Tamkar ɓarawo ne mai canza riga a kowane lungu: kafin garkuwar jiki ta gama shaida shi, ya riga ya zama wani. Ƙwayar nau'in B kuwa tana da wani sinadari a bayanta wanda ba ya sauyawa sosai, shi ake haɗawa a cikin yisti tun 1986 ana yin allura da shi.

Gwajin ma da nasa cikas. Ban da ɗan Adam, birin cimfanzi ne kaɗai cutar take kamawa yadda ya kamata, kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina gwaji da shi a 2015. Duk da haka an yi wani muhimmin gwaji a Baltimo, San Faransisko da Niyu Meziko da ke Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2021. An ɗauki mutum 548 masu tsira wa kansu allurar kayan maye, saboda su ne cutar ta fi saurin kamawa a can, aka raba su gida biyu, wasu aka yi musu allurar gwajin, wasu aka yi musu wadda babu magani a cikinta, ba tare da su ko likitocin sun san wanda ya sami wace ba. Allurar ta zaburar da garkuwar jiki, ta kuma rage yawan ƙwayoyin a jinin waɗanda suka kamu, amma ba ta hana cutar zama a jiki ba. A ganina wannan gwaji bai tashi a banza ba, tun da ya nuna cewa koya wa jiki farautar sassan hantar da suka riga suka kamu, kamar yadda wannan allurar take yi, bai wadatar ba, sai an haɗa da garkuwar da za ta tare ƙwayar tun kafin ta shiga.

Abin da ke ƙarfafa wa masu bincike gwiwa shi ne, kusan mutum 30 cikin 100 da suka kamu jikinsu yakan kori cutar da kansa cikin wata shida, ma'ana jiki yana da hanyar cin galaba a kanta. Yanzu har ana tattauna yiwuwar sa wa masu sa kai ƙwayar da gangan bayan an yi musu allurar gwaji, sannan a warkar da su, lamarin da ke buƙatar taka-tsantsan matuƙa.

Game da gidanku, Malama, akwai magungunan sha da ke warkar da fiye da mutum 95 cikin 100, galibi a cikin mako 12, don haka yayanki ya ga likitan hanta ba tare da jinkiri ba, kada ya tsaya shan jiƙe-jiƙe. Ta jini cutar take yaɗuwa, ba ta cin abinci a kwano ɗaya ba, saboda haka kada a ƙyamace shi, sai dai a daina haɗa reza, askar wanzami da buroshin haƙori. Kowa a gidan ya yi gwajin nau'in B da C, wanda aka ga ba shi da B a yi masa allurarta har sau uku. Yayanki ma ya nemi a duba ko yana buƙatarta, domin haɗuwar nau'ukan biyu tana gaggauta lalacewar hanta.