Allurar hoton MRI: tambayoyinku ga likita

Tambaya: Likita, da gaske hoton MRI yana ƙona jiki? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Ba kasafai ba, Hajiya, amma ƙarfe a jiki na iya yin zafi ya ƙona fata. Maganaɗisu da igiyar rediyo ke aikin ɗaukar hoton cikin jiki, babu irin hasken hoton ƙashi a ciki. Ki dai cire ɗankunne da awarwaro, ki wanke kwalli.

Tambaya: Walda nake yi, an tura ni hoton baya. (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, faɗa musu sana'arka tun kafin ka taka ɗakin. In ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido, maganaɗisun na iya motsa shi ya raunata idon.

Tambaya: Ina da ciwon hanta nau'in B da ciwon suga, an ce a yi mini MRI da allura. Ɗana ya karanta cewa allurar tana maƙalewa a ƙwaƙwalwa, wai Amurka ta fito da sabuwa ta furotin. In jira ta? Maƙwabcina kuma ya ce bayan hoton in sha jiƙon wankin ƙoda da kanwa. (Wani dattijo daga Kano)

Amsa: Baba, wannan tambayar ta dame ni ƙwarai. Abin da ke cikin allurar, wadda ake yi don haska hoton, ƙarfe ne da ake kira gadoliniyam, ana amfani da shi tun 1988. Shi kaɗai guba ne, shi ya sa ake ɗaure shi cikin wani sinadari da ke riƙe shi har ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Ɗanka bai yi ƙarya ba. A 2014 likitocin Japan suka ga alamar ragowarsa a ƙwaƙwalwar waɗanda aka yi wa allurar sau da dama, a 2017 kuma Turai ta dakatar da wasu nau'o'insa. Sai dai ba a tabbatar wannan ragowar tana haifar da cuta ba. Haɗarin da aka tabbatar tun 2006 na masu mummunan ciwon ƙoda ne: fata ta yi kauri ta sandare, gaɓoɓi su ƙi lanƙwasuwa. Kai kuwa mai suga ne, don haka a gwada ƙodarka kafin allura. Ka nemi gwajin da bakinka.

Batun furotin ma gaskiya ne. Farfesa Jenny Yang ta Jami'ar Jihar Jojiya a Atlanta ta ɗauki furotin da aikinsa a jiki riƙe kalsiyam ne, ta sauya masa tsari ya damƙe gadoliniyam da ƙarfi. Sunansa ProCA32. Yana haska hoto sosai da ɗan ƙarfe kaɗan, kuma a 2019 ita da abokan aikinta suka nuna wani nau'insa yana manne wa tabon hanta tun yana sabo. Amma a jikin ɓeraye aka gani. Bai iso asibiti ba, ko a Amurka. In kuwa akwai ciwon daji a hantar, ba ya jira, don haka ka je a yi hoton.

Jiƙon nan kuma, don girman Allah kar ka sha! Lafiyayyar ƙoda tana fitar da mafi yawan allurar cikin kwana 1, ruwa kawai take so. Kullum muna kwantar da mutanen da kanwa da saiwoyin da ba a san awonsu ba suka kashe musu ƙoda, ƙafa a kumbure, fitsari ya ɗauke, iyali na sayar da gona don wankin ƙoda na na'ura. Hantar da ke fama kuma a ƙara mata wannan? In ka ga idonka ya yi ɗorawa, ko ciki ya kumbura, ko fitsari ya ragu, ka tafi asibiti a ranar, kar ka bari sai gobe.

Tambaya: Ina shayarwa, an yi mini allurar. In yaye shi? (Wata mai jego daga Katsina)

Amsa: Ci gaba da ba shi nono, 'yar'uwa, abin da ke shiga nonon bai taka kara ya karya ba. Mai juna biyu ce ake kauce wa yi mata, don haka duk wadda ke zargin tana da ciki ta faɗa kafin allura. In ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi ya biyo baya, a koma asibiti nan take.