Albashina ya tsaya tun da aka rufe makaranta, yaya zan yi?

Malama, kin ce an rufe makarantar kuɗin da kike koyarwa, albashi ya tsaya, kuma ba ki san ko za a dawo da ke ba. Wallahi na san wannan zullumin. Na shiga irinsa a 2020, lokacin da korona ta sa ƙasashe fiye da 190 suka rufe makarantu, ɗalibai kusan biliyan 1.6 suka zauna a gida, a ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu malaman makarantun kuɗi muka fi jin jiki, tunda albashinmu daga aljihun iyaye yake fitowa.

Ki fara da tambayar shugaban makarantar a rubuce: dakatarwa ce ko sallama? Za a biya bashin watannin baya? Ki adana amsarsa tare da takardar ɗaukar aikinki. Ni da alkawarin baki na dogara, ƙarshe ban samu komai ba, har yau abin yana ci mini rai.

Sai ki ɗauki biro ki rubuta abin da ya zama dole: haya, abinci, magani. Mai gidan haya ki same shi tun kafin wa'adi ya cika, ya fi saurin ɗaga ƙafa. Bashi mai ruwa kuwa ki guje shi.

Kada ki raina sana'arki. Iyaye na cikin damuwar yara za su manta karatu. Da yara uku na fara ta WhatsApp, in naɗi darasi da murya, su turo hoton aikinsu in duba da daddare, iyayen suna biyana mako-mako. Kafin a buɗe makaranta sun kai goma.