Katakon da ke riƙe dandamali a jikin bango: ƙusa ta isa?

Tambaya: Ina so a yi mini dandamalin katako a bayan ɗaki, bisansa daga ƙasa ya kusa mita 2, tsawonsa a jikin bango mita 4, ya fito waje mita 3. Kafinta ya ce zai buga dogon katako ɗaya a bango da ƙusar kankare, sauran katakan su hau kansa, a gaba kuma ginshiƙai. Bangon na bulo ne mai rami. Hankalina bai kwanta ba. Ƙusa za ta riƙe?

Amsa: Malam, gara da ka tambaya kafin a fara. Ƙusa ba za ta riƙe ba, kuma bangon da ka ambata shi ne babbar damuwar.

Bari mu fara da nauyin. Dokar ginin gidaje da ake bi a Amurka tana lissafa wa irin wannan dandamali kusan kilo 195 na mutane da kaya a kan kowace murabba'in mita, a ƙara kusan kilo 50 na nauyin katakon kansa. Naka murabba'i 12 ne, ka ga ya kusa tan 3. Rabi yana kan ginshiƙan gaba, ɗaya rabin, wajen tan ɗaya da rabi, yana rataye a kan katakon nan guda na bango. Kuma ba ƙasa kaɗai nauyin yake ja ba. Duk lokacin da mutane suka yi tafiya ko suka jingina da shinge, dandamalin yana ɗan janyewa daga bango. Ƙusa ba ta da zare, santsi ne da ita, a hankali take zarewa ba wanda ya lura, sai ranar da aka taru a kai ta saki gaba ɗaya.

Abin da ake sawa shi ne noti mai kaurin rabin inci, wato kusan milimita 13, da wosha a ƙarƙashin kansa. Inda bangon na katako ne, notin yana ratsa katakon ya shiga babban katakon da ke gefen daɓen gidan, ko ya fita ta ciki a ɗaure shi. Ana jera su layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa a saɓe, don kada katakon ya tsage a layi guda. A bar santimita 5 daga bakin sama da kuma ƙarshen katakon. Ga faɗi irin naka, tazarar kusan santimita 45 ce, kuma tana raguwa idan faɗin ya ƙaru. A fara huda rami kafin a murɗa, kada a buga noti da guduma.

To amma bulo mai rami fa? Fatarsa siririya ce. Notin da ke buɗewa a cikin rami yana buƙatar ƙaƙƙarfan abu da zai tokara, a bulo kuwa sai ya fasa gefen ya tarar da iska. Ka ɗaure, ka ji ya yi tauri, bayan wani lokaci ka tarar da garin siminti yana zubowa ƙarƙashin woshar. Idan tsayin da kake so ya yi daidai da zubin kankare mai rodi, kamar linta ko gefen rufin kankare (dakin), nan ne wurin kafawa, da notin kankare ko wanda ake dasawa da gam na musamman. A hure ƙurar ramin sosai kafin a zuba gam, don ƙura ke hana shi kamawa. Idan bai yi daidai ba, ni shawarata a ƙyale bangon kwata-kwata. A kafa ƙarin ginshiƙai kusa da shi, kowanne da nasa tushen kankare, a sa katakan tokara a gicciye, dandamalin ya tsaya da ƙafarsa. Ƙarin kuɗi ne, amma bisan mita 2 ba wurin gwaji ba ne.

Idan har an kafa a bango, ruwa ne abokin gaba na biyu. Yana gangarowa ya maƙale a bayan katakon, ya ruɓar da shi daidai inda notin yake. Sai a sa lanƙwasasshen kwano wanda bakinsa na sama ya shige cikin filasta, na ƙasa ya rufe saman katakon. Katakon ya zama mai magani, aƙalla inci 2 da 8. Maganin katako na zamani yana da jan ƙarfe a ciki, yana cin baƙin ƙarfe da alminiyam, don haka noti da kwanon su zama masu rufin tutiya mai kauri ko ƙarfe mara tsatsa.

Katakan da za su fito daga jikin katakon bangon kuma a zaunar da su cikin maratayin ƙarfe, a cike duk ramukan ƙusarsa. A ja layi da lebur kafin huda, a sauke saman daɓen 'yan santimita ƙasa da dokin ƙofa don kada ruwa ya shiga ɗaki. Kafin a sayi katako ko ɗaya, ka kira injiniyan gini ya duba bangon da idonsa.