Me Ya Sa "Jari Ce", Ba "Jari Ne" Ba?

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce. Tun ina yarinya nake son littafin Magana Jari Ce, yanzu kuma ina karanta wa ɗalibaina, ba sa ƙosawa da labaran aku. Wani yaro ya tambaye ni ma'anar jari, da dalilin da aka ce "ce" alhali muna cewa "jarinsa". A taimaka mana.

Amsa: Malama, Allah ya yi wa yaron nan albarka, kunnensa na jin Hausa.

Jari shi ne uwar kuɗi, wato dukiyar da ɗan kasuwa ke juyawa ta haifar masa da riba. Daga nan aka samu zuba jari da hannun jari, kuma idan uwar kuɗin ta salwanta sai a ce jari ya karye. Kalmar namiji ce: jarin Audu, jarinsa, ba a cewa jarirsa.

To, "ce" ɗin fa? A jimla irin wannan, "ne" da "ce" sun fi bin jinsin abin da ake ba da bayani a kansa, wato kalmar farko. Magana mace ce, don haka ta jawo "ce". Ki gwada wa yara a allo: lafiya jari ce, sana'a jari ce, amma ilimi jari ne, haƙuri jari ne. Jam'i kuwa kullum "ne" yake ɗauka: 'ya'ya jari ne. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne duban kalmar da ke maƙwabtaka da "ce", ko kuma su haɗe su rubuta "jarice". A rubutun Hausa daidaitacce rabawa ake yi.

Dangane da ma'anar karin maganar, littafin da kansa ya fassara ta. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya fitar da littafi na farko na Magana Jari Ce a 1937. Aku ba shi da gona, ba shi da takobi, bakinsa kaɗai ya mallaka. Da Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, da labarai aku ya riƙa tsare ɗansa Musa dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya, har daga baya aka naɗa tsuntsun waziri. Jarin ke nan, ga kuma ribar. A ganina wannan ne ya sa yara ke manne wa littafin: mafi ƙanƙanta a fada shi ya fi kowa amfani.

Idan kin zo koyar da ita, ki haɗa ta da "magana zarar bunu ce". Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce, wadda in an zare ta ba ta komawa mazauninta. Nan ma ki sa su lura: "ce" ta sake bin magana.