Me falsafar wujudiyya ta canza a tunanin mutanen yau?

Tambaya: Salam Malam, ina aji biyu a jami'a, an ba mu asaimen kan existentialism, ni dai abin da na ji kawai wai falsafar waɗanda ba su yarda da Allah ba ce. Don Allah me ta canza a duniya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wanda ya faɗa miki haka rabin zance ya ba ki. Existentialism falsafa ce da ke cewa mutum ne ke zaɓar yadda zai rayu, kuma shi ke ɗaukar nauyin zaɓinsa. Eh Jean-Paul Sartre, masanin falsafa Bafaranshe da ya yi fice a kanta, bai yarda da Allah ba, amma Kierkegaard ɗan ƙasar Denmak, wanda ake ɗauka kakan tafiyar, Kirista ne na gani-kashe-ni har ya mutu a 1855. Larabawa wujudiyya suke ce mata, Abdurrahman Badawi na Masar ma a kanta ya yi digirinsa na dokta.

Bari in ba ki labari ɗaya. A laccar da Sartre ya yi a Faris a Oktoban 1945, ya ce wani ɗalibinsa ya zo masa lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, an kashe wansa a yaƙin 1940, yana so ya tsallaka Ingila ya shiga sojan 'yanto ƙasa, ga kuma mahaifiyarsa ba ta da kowa sai shi, in ya tafi zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya zauna ko ya tafi? Sartre ya ce masa kai ke da zaɓi, zaɓa. Ya ƙara da cewa ko wanda za ka je neman shawara wurinsa ai kai ka zaɓe shi, kuma ka riga ka san me zai ce. Wannan maganar ta daɗe tana min yawo a kai wallahi, don mu duka muna yi, mu zaɓi malamin da zai faɗa mana abin da muke so.

To daga nan abin ya bazu. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya gina hanyar jinyarsa kan cewa mutum na jure wahala in ya san don me yake rayuwa, har yau masu ba da shawara kan damuwa suna amfani da ita. Simone de Beauvoir kuma, marubuciya 'yar Faransa, a littafinta na 1949 ta ce yawancin abin da ake kira halin mace tarbiyya ce ta ɗora mata, wannan magana ta yi tasiri sosai a muhawarar jinsi ta yau. Frantz Fanon, likita kuma marubuci ɗan tsibirin Martinique, ya kai zancen kan mulkin mallaka a Aljeriya, Sartre ne ma ya rubuta gabatarwar littafin Fanon na 1961.

Ni inda na rabu da Sartre shi ne a rubuce-rubucensa na farko ya zuzuta 'yanci da yawa, kamar talauci da yunwa ba sa ɗaure mutum. Beauvoir ta fi shi ganin wannan. Ki fara da laccar 1945 ɗin, gajera ce, a dare ɗaya za ki gama ta.